Haɗa Tabar Lofe Daga Cikakken Ganye: A Yanka, A Matse, A Turara Ko A Tsima?

Wanda ya mallaki cikakken ganyen taba, wato busasshen ganyen da ba a cire masa jijiya ba kuma wuƙa ba ta taɓa shi ba, yana da hanyoyi huɗu a gabansa idan yana son ya mayar da shi tabar lofe. Yana iya yanka shi kai tsaye ya zuba a kwalba. Yana iya jera shi ya danne da nauyi har ya zama dunƙule guda, sannan ya riƙa yankan sala-sala. Yana iya turara shi har ya yi baƙi, abin da masu sana'ar ke kira Cavendish. Yana kuma iya tsima shi cikin ruwan jikinsa na tsawon watanni, irin yadda ake yin Perique, wata baƙar taba mai ƙarfi ta Amurka. Kowace hanya tana da irin ganyen da ya dace da ita, kuma yawancin asarar da sababbin shiga ke yi tana zuwa ne daga ɗora ganye a kan hanyar da ba tasa ba, ko kuma daga kuskuren lissafin danshi.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin kayan aiki kaɗai ba. Jijiyar tsakiyar ganye tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, kuma cire ta ake yi, saboda haka wanda ya sayi kilo ɗaya ya san cewa ba kilo ɗaya zai zuba a lofe ba. A kan wannan sai a ɗora abin da zai iya lalacewa a hanya. Na biyu shi ne sauƙin aiki da tsawon jira. Na uku shi ne ɗorewa, wato yadda tabar ke jure ajiya ba tare da ta bushe ta zama gari ko ta yi fumfuna ba. Na huɗu shi ne haɗari. Ɗanɗano shi ne na biyar, kuma duk da cewa shi ne ke jawo mutum ga wannan aiki tun farko, shi ne mafi wuyar yanke hukunci a kansa, domin harshe ya bambanta.

Batun haɗari yana buƙatar a faɗe shi ɓaro-ɓaro tun yanzu. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke rage illar taba ga lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma shan lofe yana da alaƙa da sankarar baki, da ta maƙogwaro, da ta huhu, ko da mai shan ba ya zuƙar hayaƙin zuwa ƙirji. Tunanin cewa tabar gida ta fi ta kamfani tsabta domin ba a zuba mata sinadarai ba kuskure ne, saboda nikotin a cikin ganyen yake tun yana gona, wasu sinadarai masu jawo sankara suna samuwa ne a lokacin busarwa da tsimawa, sauran kuma ƙonewar ce ke haifar da su. Sai kuma doka. A Ostireliya ba a noma taba ko sarrafa ta sai da lasisi, ko da don amfanin kai ne, a Birtaniya kuma tun 2017 mu'amala da ɗanyen ganyen taba tana buƙatar amincewar hukumar haraji. Ya kamata kowa ya san matsayin dokar ƙasarsa kafin ya kashe ko sisi.

Ganyen da ke hannunka shi ne rabin amsar

Virginia ganye ne da ake busarwa a rumbu da zafin da ke bi ta bututu, ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba, cikin kusan mako guda. Wannan saurin yana kulle sukarin ganyen a ciki, shi ya sa yake fitowa rawaya ko ja, da zaƙi, amma idan aka sha shi da gaggawa yana ƙona harshe. Burley, wanda aka gano nau'insa mai haske a jihar Ohio ta Amurka a 1864, kuma yau Malawi tana cikin manyan masu noma shi, ana rataye shi ne iska ta busar da shi na tsawon mako 4 zuwa 8. Sukarinsa kaɗan ne ƙwarai, nikotinsa ya fi yawa, kuma yana shanye duk abin da aka yayyafa masa. Ganyayen Gabas da ake nomawa a Turkiyya da Girka da Bulgeriya ƙanana ne, rana ce ke busar da su, nikotinsu kaɗan ne, darajarsu kuwa tana cikin ƙamshinsu. Latakia, wanda asalinsa Siriya ne amma daga baya aka koma yin yawancinsa a tsibirin Saifurus, ganyen Gabas ne da aka ƙyafe da hayaƙin itatuwa masu ƙamshi na tsawon lokaci. Wannan ba aikin gida ba ne, sai dai a saye shi a shirye a zuba a haɗi.

Duk hanyar da aka zaɓa, matakin farko ɗaya ne. Ganyen yakan iso a bushe ƙayau, kuma idan aka yi ƙoƙarin buɗe shi a haka rugurgujewa zai yi. Sai a fesa masa ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan, a sa shi a leda a rufe ya kwana, da safe za a tarar ya yi laushi kamar jemammiyar fata. A lokacin ne ake naɗe shi biyu a tsaye, a kama kan jijiyar daga wajen tsini, a ja ta ƙasa a hankali har ta rabu da ɓangarorin biyu. Gwajin danshi kuwa da hannu ake yin sa: a damƙi ganyen a tafin hannu, a saki. Idan ya yi ƙara ya kakkarye, ya bushe da yawa. Idan ya tsaya a dunƙule yana sanyi a hannu, ruwa ya yi masa yawa. Idan ya buɗe da kansa sannu a hankali ba tare da ya tsage ba, to ya yi daidai. Wanda ya ƙware a wannan gwaji ya kauce wa mafi yawan matsalolin da za a ambata a gaba.

Hanya ta farko: yanka kai tsaye

Ana jera ganye biyar ko shida, a naɗe su tamau, a ɗora a kan katako, a riƙa yankawa da wuƙa mai kaifi sirara-sirara, faɗin milimita 1 zuwa 2. Sai a warware zaren da yatsu, a baza shi ya sha iska har ya kai danshin da za a iya sha, a zuba a kwalbar gilashi mai murfi. Kuɗin kayan aiki kusan babu shi, asarar ganye kuma ba ta wuce jijiya ba. Wasu suna amfani da injin murza taliya na hannu domin sauri, sai dai danƙon ganyen yana liƙe wa haƙoransa, kuma ba a sake mayar da shi ga abinci.

Amfanin wannan hanya da ba a cika faɗa ba shi ne tana koya wa mutum ganyensa. Idan ya yanka kowane iri daban, ya ɗanɗana shi shi kaɗai, sannan ya fara gauraya kaɗan-kaɗan yana rubuta awon da ya yi, zai gane abin da Virginia ke kawowa da abin da Burley ke ƙarawa. Rauninta kuwa biyu ne. Zaren da aka yanka yana da faɗin jiki da iska ke taɓawa, saboda haka yana saurin bushewa da rasa ƙamshi idan murfin bai kama da kyau ba. Na biyu, wuƙa ba ta gyara ganye. Idan Burley sabo ne yana warin amoniya yana kartar maƙogwaro, haka zai kasance bayan an yanka shi, sai dai a bar shi ya kwanta na watanni, ko a ɗan gasa shi a tanda da wuta mara ƙarfi, ko a yayyafa masa ruwan zuma ko na sukari tsararo. Ko da ganye mai kyau ne, barin haɗin a kwalba na mako biyu kafin a fara sha yana sa ƙamshin ganyayen ya shiga juna.

Hanya ta biyu: matsewa

A ganina wannan ce hanyar da kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu a cikinta, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ana buƙatar ƙaramin akwatin katako mai ƙarfi, da wani katakon da zai shiga cikinsa daidai ya zama murfin dannewa, da matsin ƙarfe mai zare irin na kafintoci guda biyu. Ana shimfiɗa takardar gashi a ciki domin kada ganyen ya manne wa katako ko ya ɗauki warinsa, sai a jera ganyayen ɗaya bisa ɗaya yadda ake son haɗin ya kasance, misali Virginia uku, Burley ɗaya, a maimaita har akwatin ya cika. Daga nan sai a ɗaure. Kashegari za a tarar matsin ya yi sako-sako domin ganyen ya nutse, sai a ƙara murɗawa, a ci gaba da haka kullum na 'yan kwanaki har ya daina nutsewa. Bayan mako 2 zuwa 4 ana ciro dunƙule mai tauri, launinsa ya yi duhu, gefensa yana nuna layin ganyayen a jere.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne matsin yana fasa ƙwayoyin ganyen, man jikinsu da sukarinsu suna fitowa su gauraya, iska kuma ba ta samun shiga sosai, sai ɗanɗanon ya haɗu ya yi taushi fiye da yadda zaman kwalba zai iya yi masa. Salar da aka yanka daga dunƙulen tana ci a hankali a lofe, ba ta yin zafi da sauri, wanda hakan ke rage ƙunar harshen da Virginia ta yi suna da ita. Ta fuskar ajiya kuwa babu wadda ta kamo ta, domin dunƙulen yana riƙe danshinsa, kuma dalilin da ya sa ma'aikatan jiragen ruwa na da suke ɗaukar tabarsu a matse ke nan a doguwar tafiya. Virginia da aka matse aka rufe a kwalba tana iya yin shekaru tana ƙara kyau.

Amma a nan gizo ke saƙa: danshin da ya yi yawa. Fumfuna tana iya kamawa a tsakiyar dunƙulen inda ido ba ya gani, ba za a sani ba sai ranar da aka yanka aka ji warin ruma, kuma a lokacin aikin wata guda ya tafi. Ganyen da za a matse ya kamata ya zama mai laushi ne kawai, ba jiƙaƙƙe ba, kuma idan aka ga ruwa yana tsattsafowa daga gefen akwatin, alama ce ta an wuce gona da iri. Kada a yi akwatin da katako mai fenti, ko wanda aka shafa wa maganin gara, ko mai ƙaro da wari, kuma kada ƙarfe mai tsatsa ya taɓa ganyen. Wanda ke jin tsoron yankan dunƙule mai tauri yana iya matse tabar da ya riga ya yanka, sai ta fito curi mai saurin marmashewa da yatsu, ko da yake ba ta kai cikakken dunƙule jimirin ajiya ba.

Hanya ta uku: turarawa

Cavendish ba nau'in ganye ba ne, sarrafawa ce. Ana jiƙa ganyen fiye da yadda ake yi wa sauran hanyoyin, a cusa shi a kwalbar gilashi mai jure zafi, a sa a tukunyar matsin tururi na sa'o'i 3 zuwa 4 ko fiye, ko kuma a ɗora shi a madambaci bisa tafasasshen ruwa kusan wuni guda. Zafi da danshi suna sa sukarin ganyen ya haɗu da sinadaran gina jikin da ke cikinsa, launi ya juya daga ruwan ƙasa zuwa baƙi, kaifin ya kwanta, hayaƙin ya yi kauri da taushi. Virginia tana fitowa da zaƙi mai gardi, Burley kuwa yana yin duhu ya rage karta amma zaƙinsa bai taka kara ya karya ba sai an taimaka masa da zuma ko sukari.

Wannan ce hanya mafi sauri ta ceto ganye mai kaifi, domin abin da jira zai yi a watanni tururi yana yin wani ɓangarensa a rana ɗaya. Farashin hakan shi ne ganyen yana rasa halinsa na asali, shi ya sa turara ganyen Gabas ko Latakia ɓarna ce, tunda ƙamshin da aka saye su dominsa shi ne zai fara tashi. Cavendish shi kaɗai yakan yi lami, amfaninsa ya fi fitowa idan aka sa shi ya zama kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na haɗi, yana tausasa sauran.

Kuɗinta matsakaici ne, domin ana buƙatar tukunya da kwalaben da za a keɓe wa wannan aiki kaɗai, ga kuma makamashin sa'o'i masu yawa. Haɗarinta iri biyu ne. Akwai na tururi da tukunyar da ruwanta zai iya ƙonewa idan aka bar ta ba mai kula, da kwalbar da za ta iya fashewa idan aka fito da ita da zafi aka ɗora a wuri mai sanyi. Akwai kuma na bayan an gama: ganyen yana fitowa sharkaf, ga sukari a jikinsa, kuma wannan shi ne abin da fumfuna ta fi so. Dole a baza shi ya bushe har ya wuce gwajin damƙa kafin ya ga kwalba. A yi aikin a wuri mai iska, domin tururin yana da wari mai ƙarfi kuma yana iya sa jiri.

Hanya ta huɗu: tsimawa irin ta Perique

Perique na asali daga gundumar St. James ta jihar Luwiziyana a Amurka yake fitowa. A can ana cusa ganyen a gangunan katakon oak, a danne shi da manyan matsai har ruwan jikinsa ya fito ya rufe shi, a bar shi yana tsima ba iska, a riƙa fito da shi lokaci-lokaci ana juyawa ana mayarwa, kusan shekara guda. Sakamakon baƙin ganye ne mai yaji a hanci, mai ƙamshin busassun 'ya'yan itace, mai ƙarfi ƙwarai, wanda ake zubawa kaɗan a haɗi, galibi kashi 5 zuwa 15 cikin 100, musamman tare da Virginia.

Ana iya kwaikwayon wannan a gida da ƙaramin mazubi mai ƙarfi da matsi mai zare, amma aƙalla sai an jira watanni uku, kuma a makonnin farko warin ba daɗi, har mutum ya zaci ganyen ya ruɓe. Wuyar aikin ita ce bambance tsimuwa mai kyau da ruɓa ta gaskiya, abin da sabon shiga ba shi da ma'auninsa. Idan ruwan ya janye iska ta samu saman ganyen, fumfuna za ta kama. Baƙin ruwan nan kuma cike yake da nikotin wanda ke ratsa fata ya jawo tashin zuciya da jiri da bugun zuciya, saboda haka safar hannu ta roba wajibi ce, kuma mazubin ba ya zama inda yaro ko dabba za su kai gare shi. Tunda abin da ake buƙata kaɗan ne, sayen Perique a shirye ya fi araha ga yawancin mutane idan aka lissafa ganyen da zai iya lalacewa.

| Hanya | Kuɗi | Jira | Sauƙi | Ɗorewa a ajiya | Babban haɗari | Ganyen da ya dace |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Yanka kai tsaye | Kaɗan ƙwarai | Kwana 1 zuwa mako 2 | Mai sauƙi | Matsakaiciya | Bushewa, kaifin sabon ganye | Kowane iri da ya kwanta |
| Matsewa | Kaɗan | Mako 2 zuwa 4 | Matsakaici | Mai kyau ƙwarai | Fumfuna a tsakiya | Virginia, ko haɗinta da wasu |
| Turarawa | Matsakaici | Kwana 1 zuwa 3 | Matsakaici | Matsakaiciya | Ƙunar tururi, fumfuna | Virginia, Burley |
| Tsimawa | Matsakaici, da yiwuwar asara | Wata 3 zuwa shekara | Mai wuya | Mai kyau idan an rufe | Ruɓa, nikotin ta fata | Ganyen da iska ta busar |

Game da ajiya, ƙa'ida ɗaya ce ta shafi dukkansu. Fumfuna tana samun wuri idan danshin iskar da ke cikin mazubi ya haura kusan kashi 70 cikin 100, saboda haka kwalbar gilashi mai tsabta, a wuri mai sanyi da duhu, ita ce mafi aminci, kuma a riƙa buɗewa ana dubawa a makonnin farko. Tabar kamfani tana daɗewa da laushi ne domin ana zuba mata sinadaran riƙe danshi da na hana fumfuna, ta gida kuwa ba ta da wannan kariya, shi ya sa ya fi kyau a ajiye ta da ɗan bushewa a jiƙa abin da za a sha idan lokacinsa ya yi. Duk tabar da ta yi fumfuna zubar da ita ake yi gaba ɗaya, ba a kankare saman a sha sauran. Haka kuma kada a ɗiga mata turare ko man ƙamshi da nufin gyara ta, domin ba a yi su don a ƙona a shaƙa ba.

Wace ce taka?

Wanda wannan ne karonsa na farko, ko wanda ya sayi ganye iri-iri kaɗan-kaɗan domin gwaji, ya tsaya a kan yanka kai tsaye har sai ya samu awon haɗin da ya gamsu da shi, domin matse haɗin da ba a tabbatar da shi ba jiran wata guda ne a kan abin da ba a san ƙarshensa ba. Wanda ya riga ya san haɗinsa, yawancin ganyensa Virginia ne, kuma yana son ya tanadi na watanni masu yawa a ƙaramin wuri, matsewa ce tasa. Wanda ya wayi gari da Burley mai yawa da ke kartar maƙogwaro, ko Virginia mai ƙona harshe, kuma ba ya son jira, ya turara wani kaso ya gauraya da sauran da ba a turara ba. Mai ganyen Gabas ko Latakia ya yanka su kawai, ko ya jera su kaɗan a cikin dunƙule, kada su kusanci tururi. Tsimawa irin ta Perique kuwa ta dace ne da wanda yake noma tabarsa, yana da rarar ganyen da asararsa ba za ta dame shi ba, yana da wurin aiki a keɓe nesa da ɗakin kwana da yara, kuma ya riga ya yi matsewa sau da yawa har hannunsa ya saba da danshi. Wanda kuma ya shigo wannan aiki ne da fatan samun taba mara illa, ko da niyyar rage sha a hankali, babu ɗaya daga cikin huɗun da za ta biya masa buƙata, abin da ya dace da shi shi ne ganin ma'aikacin lafiya a kan hanyoyin daina sha.